Saƙon Dandamali na Huɗu

Malam Uwaisu bai yarda da kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Shekara ashirin ke nan yana aiki a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Seven Sisters da ke Tottenham, kuma ba a taɓa ajiye jaka a gabansa bai nemi mai ita ba. Matarsa Karimatu ta ce ko baƙo ya tuɓe takalmi a ƙofar flat ɗinsu sai ya leƙa cikin takalmin kafin ya amsa sallama. Shi kuwa cewa yake rigakafi ya fi magani, ta rabu da shi.

Tashar kam ya san ta fiye da lungunan unguwarsu a Zariya. In ka kuskura ka tambaye shi hanya, ka jawo wa kanka karatu. Zai gaya maka layin dogon da ke sama ya girmi kakanka, tun 1872 yake nan, na ƙasa kuwa sai 1968 aka buɗe shi. Zai nuna maka zanen bishiyoyi bakwai a bango, ya ce daga wasu itatuwa bakwai unguwar ta samo sunanta, ba 'yan mata ba kamar yadda marasa sani ke zato. Dandamali na ɗaya da na biyu suna sama, iska na kaɗa su. Uku suna can ƙasa: na uku mai zuwa Walthamstow, na biyar mai gangarawa Brixton, sai na huɗu. Na huɗun nan shi ne nasa. Nan jirgin da ya gama zagayensa yake tsayawa, Uwaisu ya bi tarago-tarago ya fitar da kowa, har mai gyangyaɗi, sannan ya ɗaga wa direba hannu. Daga nan jirgin ya wuce garejin Northumberland Park, ba kowa a ciki sai ma'aikata.

Ba haka aka haife shi ba. A watan Yulin 2005, yana shekararsa ta farko a aikin, bama-bamai suka tashi a jiragen birnin. Tun daga ranar ya ga yadda fasinja ke kallon gemunsa kafin su kalli rigar aikinsa, sai ya ƙudura ba wanda zai riga shi zargi. Bayan wata guda wani ɗalibi ya zo har ƙofar tasha da ƙunshi a baƙar leda, ya ce saƙo ne daga mahaifiyar Uwaisu. Ya tambaye shi ko ya ga abin da ke ciki. Ɗalibin ya ce haba, amana ce, ai ba a buɗewa. Uwaisu ya ce to ya fita da ita daga tashar yanzu-yanzu, a gaban mutane. Ɗalibin ya ji haushi, da ya koma hutu ya mayar wa tsohuwa kayanta. Ta karɓa ta ce, "To, madalla." Ba ta kai wata sallar ba, Allah ya yi mata rasuwa. Har yau bai san abin da ke cikin ledar ba, kuma abin yana cinsa.

To, ranar wata Litinin a bara, da azahar, ya hango wata tsohuwa a dandamali na huɗu, cikin dogon hijabi ruwan toka, riƙe da jakar bakko ƙarama. Jirgi ya zo, ya tafi, ba ta motsa ba. Talata ma haka. Laraba ya ga ta taka har gaba tana leƙen tagar direba. Ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza. Mai jiran jirgi ba ya tsayawa a na huɗu, kuma mai gaskiya ba ya leƙen direba. Ya rubuta kamanninta a ɗan littafinsa, da lokacin zuwanta.

Ranar Alhamis ya gama share taragon ƙarshe, ya juyo zai ɗaga hannu, sai ya gan ta ta sunkuya ta tura jakar cikin jirgin da ba kowa, ta ja da baya.

Innalillahi! Hannunsa ya kai kan oba-obar da ke kafaɗarsa tun kafin ya yi tunani. Ƙa'idar ya haddace ta kamar Fatiha: kalma ɗaya, a tsayar da layin, a kwashe mutane, 'yan sanda su sauko. Ya kuma san me zai biyo baya ga tsohuwa mai hijabi da aka kama ta tura jaka a jirgi. In kuma ya yi shiru ya zama ba daidai ba, ba ya son ya ƙarasa tunanin.

Oba-obar ta yi ƙara. Ephraim ne, shugaban aikin ranar, daga ɗakin kyamarori. Ya ce da Turanci, "Uwaisu, me aka sa a tarago na uku?"

Uwaisu ya sauke hannunsa daga kan oba-obar. Ya matso kusa da tsohuwar yana kallon hannayenta. Sai ya ji tana cewa ƙasa-ƙasa, da Hausa tsantsa, "Allah ya kai ka hannunsa."

Uwaisu bai taɓa yin Hausa a bakin aiki ba, don ya ce daga gaisuwa ake fara roƙon alfarma. Ranar dai ta kuɓuce masa.

"Inna, mece ce wannan kika sa a jirgi?"

Ta juyo, fuskarta ta washe. "Ikon Allah! Ashe ɗan gida ne! Ɗan nan, kwana huɗu ina yi wa direbobinku sallama, ko gilas ba sa saukewa. Wace irin tasha ce wannan, ba ɗan kamasho, ba mai karɓar saƙo?"

"Saƙon wa?" Muryarsa ba ta yi laushi ba.

Ta ce sunanta Hansai, daga Funtuwa, wata biyu da zuwanta renon jika. Ɗanta Baha'uddeen yana wankin jirage a garejin can. Ranar da ya ɗauko ta ya nuna mata wannan dandamalin, ya ce jirgin nan har ƙofar wurin aikinsa yake kaiwa. Yau kwana tara ke nan da suka yi cacar baki da matarsa ya bar gida. In ta kira wayarsa, wata Baturiya ce ke ɗauka ta yi ta zuba. A gida kuwa, shekara hamsin tana ba direban tasha saƙo, ko allura bai taɓa ɓata ba.

Labarin ya yi daɗi, kuma daɗinsa ne bai kwanta wa Uwaisu ba. Mai mugun nufi ma ai da labari yake zuwa. Ya shiga taragon ya tsaya gaban jakar. An rubuta sunan Baha'uddeen a jiki da hannun yara, harufan sun karkace.

"Ki zo ki buɗe da kanki, Inna."

"Amana ake buɗewa?"

"Ki buɗe."

Ta harare shi, ta kwance. Kwanon samira ne ɗaure da ɗankwali. Ta ɗaga murfin, ƙamshin miyar kuka da man shanu ya cika taragon. Tuwon shinkafa malmala uku, har yanzu da ɗuminsa. Ya ɗaga kwanon ya duba ƙarƙashi, ya shafa kusurwoyin jakar, don hali zanen dutse ne. Ba komai.

"Ba wasiƙa?"

"Wasiƙar me? In ya ɗanɗana miyar zai san hannun wa ne. Zai dawo."

Oba-obar ta sake ƙara, wannan karon da faɗa. Direba ya leƙo. Uwaisu ya danna, ya ce da Turanci, "Na duba, abinci ne. Yana hannuna. Lokacin hutuna ya yi, zan bi jirgin nan zuwa gareji."

Hansai ta sake ɗaure ɗankwalin, ta miƙa masa jakar da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka. Mahaifiyarka na da rai?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Da ganinka ta sha aiko maka da irin wannan."

Ya karɓa da hannu biyu shi ma.

"Sau ɗaya ta aiko," ya ce. "Ban karɓa ba."

Ya ɗaga wa direba hannu daga bakin ƙofa, ƙofofin suka rufe. Ya zauna shi kaɗai a taragon, ɗumin kwanon yana ratsa cinyarsa, bai ajiye jakar a ƙasa ba har suka fito haske.