Gadon Ƙara a Hanyar Ribah

Yau shekara tara da rasuwar mahaifina, Malam Garba, amma wallahi har yanzu ban zauna na yi masa addu'a hankali kwance ba. Shari'ar da ya bari tana nan a kotu a Zuru, kuma ni na gaje ta.

Gona ce a hanyar Ribah, tsakaninsa da ƙanensa Baba Audu. Kakanmu ya raba musu ita da layin gamba, ba takarda, ba turke. Wata damina aka yi hayar tarakta, direban baƙo ne, ya tumɓuke gambar kaf, iyaka ta ɓace. Baba Audu ya zama mai ƙara, mahaifina wanda ake ƙara. Sunan nan ya ƙona masa rai. In magatakarda ya kira shi da shi, sai ya daɗe bai miƙe ba, ya dawo gida yana huci: "Ciki ɗaya muka fito, yau ni ne wanda ake ƙara?"

Dukansu sun tafi. Aka goge sunayensu, aka sa na Isiya ɗan Baba Audu, aka sa nawa. Lauyoyi sun hana mu ko gaisawa. Kai! Da Babana zai leƙo ya ga muna kauce wa juna a kasuwa, me zai ce? Ya yaba mini don ban saki gonar ba, ko ya ja mini kunne? Ban sani ba, shi ke hana ni sukuni.

Shaida ɗaya ta rage, Gwaggo Ige, ƙanwarsu. Ita ta ɗauko gambar a ka ranar da aka dasa. Lauyana ya ce in kai mata sammaci. Makon jiya na hau kabu-kabu na same ta tana sussukar dawa.

"Na san wurin sarai," in ji ta. "Amma ɗana, ran da na nuna shi, ɗayanku ya bar shigowa gidan ga. Wa kake so in rasa?"

Na yi mata sallama na juyo gida.

Baba ya bar mini taurin kai, ya bar mini kunyar 'yan'uwa, ban san wanda ya fi nauyi ba. Ranar Talata kotu za ta zauna. Sau huɗu lauya ya kira ni yau ban ɗauka ba, sammacin yana aljihuna ban ba Gwaggo ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba.