Kunun Sarkin Samari

Kawuna ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma in ya yi ta, to an gama. Ranar da dogarin hakimi ya zo ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja da labarin cewa ni da ɗan Kawun mun ci jarrabawa, za a tura mu makarantar midil a Kano, Kawu bai yi gardama irin ta sauran iyaye ba. Alwala ya yi, ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, ya dafa a gaban mutanen zaure ya ce wa ɗan nasa, "Ka tafi. Amma duk ranar da ka sa abin maye a bakinka, giya ce ko mene ne, ranar ka gama boko." Dalilinsa kuwa, ya taɓa kai gyaɗa tashar jirgi ta Malam Madori, ya ga wani akawu da wandonsa na Turawa kwance cikin kwata yana rera waƙa. Tun daga nan ya sa wa ransa cewa duk mai riƙe alƙalamin Bature, wata rana kwalba zai riƙe.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, saboda haka ni da yaron nan taubasai ne. Shi yana kirana bawansa, ni kuma ina kiransa duk abin da ya zo bakina. Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru su tattara su tafi.

Ba zan ce tsoron Kawu ba shi da tushe ba. A midil akwai masu tsintar guntun sigari su laɓe bayan shadda, kara ɗaya ya zagaya bakuna har ya ƙone yatsan na ƙarshe, sannan kowa ya bi da ganyen gwaiba don kashe wari. Akwai kuma manyan ɗalibai, wasu har da gemu, da ke sulalewa Sabon Gari ranar hutu su kurɓi burkutu. In sun dawo ba tangaɗi suke yi ba. Miƙewa suke yi ƙyam, suna taka ƙasa a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, da haka ma muke gane su. Taubashina bai taɓa ko ɗaya ba. Ko goro aka ba shi lokacin jarrabawa sai ya jujjuya shi ya shinshina, har aka sa masa suna Liman. Shi da gaske yake son karatun, ko gwangwanin madara ya tsinta sai ya karanta abin da ke jikinsa. Ni kuwa abin da ya riƙe ni a makaranta tamaula ce da shinkafa da naman ranar Juma'a.

Hutun ƙarshen shekara ya faɗo daidai lokacin yankan shinkafa. Ruwa ya ja baya, fadama ta yi ja, ƙasa kuwa laka har ƙauri. Kawu ya kira gayya, samarin gari suka fito da laujensu don su yanke masa gonar a yini ɗaya, ladansu kunu da kiɗa da kallon 'yan mata. Tun a hanya suka fara da mu. Sarkin samari, wani ƙato da muka yi wasan ƙasa tare kafin ya fi mu tsawo, ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a, wai su zo su ga tuwon shinkafa mai yatsu.

Ni ban da zuciyar banza. Na ɗaura tsumma a babban yatsan ƙafa na ce ƙayar kifi ce ta soke ni, aka ba ni gadin ƙwaryar kunu a gindin wata tsamiya, na zauna abina cikin inuwa kusa da 'yan mata. Taubashina kuwa gonar ubansa ce, ga shi da zuciya. Ya naɗe wando ya shiga layi.

Kafin hantsi ya ɗaga an bar shi a baya shi kaɗai. Tafinsa ya yi bororo, yana yanka yana zamewa. Makaɗi ya bar sauran ya dawo kansa, yana buga ganga yana tambayarsa ko a Kano da lauje ake rubutu. 'Yan mata suka yi ta shewa. Ni ma na yi dariya, don haƙƙina ne, ai taubashina ne.

To, a gayya irin tamu kunu biyu ne. Akwai na ƙwarya wanda mata suka dama a gida, akwai kuma na wata 'yar gora da sarkin samari ke ɓoyewa cikin ciyawa. A cikin na gorar akwai dakakken irin zaƙami, ɗan itacen nan mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya da ke fitowa a juji. Samari sun ce yana ɗauke gajiya. Ba sa kiransa abin maye, maganin aiki suke ce masa, kuma kowannensu ya san iyakarsa, ya ɗan jiƙa harshe ya miƙa wa na gaba. Dattawa sun san da gorar sarai, don su ma sun yi samartaka, sai dai in an zo wurinta kowa ya ga wani abin kallo a sama.

Da aka fito hutawa, sarkin samari ya miƙa wa taubashina gorar a ɓoye ya ce, "Malam, taɓa kaɗan ka ji."

"Mene ne a ciki?"

"Haba, boko ta mantar da kai har wannan?"

Ba ta mantar da shi ba. Ina kallonsa ya dubi gonar, ya dubi 'yan matan, sannan ya kafa kai. Da ya tsaya a jiƙa harshe da ba a ji labarin nan ba. Amma mutumin da bai taɓa shan komai ba ina ya san kaɗan? Shan shayin makaranta ya yi masa, har gindin gora inda garin ya kwanta. Sarkin samari ya fizge, ya leƙa ciki, ya ce, "La ilaha illallahu."

Da farko abin ya yi kyau. Ya koma layi yana yanka kamar ana bin sa, ya kamo na baya, ya wuce na tsakiya, makaɗi ya juya waƙa ya koma yabo. Can sai ya tsaya cak. Ya jefar da lauje, ya ƙame cikin laka, ya daka tsawa, "Lef! Rai! Lef! Rai!" ya kama fareti a tsakiyar shinkafar ubansa. Daga nan ya tuɓe riga ya ninke ta tsaf irin ninkin da muke yi ranar duba ɗaki, ya ajiye a kan ruwa. Ya jera dammunan shinkafa ya shiga koya musu darasi da Turanci, yana tsawata wa wani dami da ya ce yana surutu. Wata balbela ta sauka kusa da shi, fara fat, sai ya sara mata yana "Yessa! Yessa!"

Aka zagaye shi. Baƙin idonsa ya buɗe ya cinye idon duka, yana ta cafkar wasu abubuwa a iska yana zubawa a aljihu. Gorar kuwa tuni ta yi nitso a kogi, samari duk sun zama salihai. Wata tsohuwa da ta kawo fura ta ce a ba ta hanya. Ta dube shi ta ce iska ce, kuma ba irin tamu ba, aljanin Bature ne ya biyo shi daga makaranta, ga shi nan ba ya jin Hausa, kuma farin tsuntsu kaɗai yake gaisarwa. Aka ce a kira ɗaya ɗan bokon ya yi tafinta. Na zo da gudu, na manta da ɗingishina.

"Me yake cewa?"

Na saurara na ce, "Sunayen manyan kogunan duniya yake lissafawa."

Tsohuwa ta tafa hannu. "Kun ji ko! Na ruwa ne ma."

Da rawani aka ɗaure shi aka sa a kwalekwale zuwa gida. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Malamin unguwa ya zauna a kansa yana yi wa aljani magana da Larabci, aljani yana mayar masa da sau biyu sau uku na lissafi, ni kuma ina tsakiya ina fassara da iyakar gaskiyata. Wallahi ban taɓa samun girma irin na kwanakin nan ba, har ƙwai aka dafa mini. Sarkin samari ya tare ni bayan rumbu yana roƙona in rufa asiri. Na bar shi ya yi ta roƙo don in ji daɗi, amma ko bai roƙa ba bakina a rufe yake. Kalmar zaƙami na fita, rantsuwar Kawu ta hau, karatun taubashina ya ƙare.

Aljanin kuwa ya yi mana rana. Kawu ya ce iska jarrabawa ce daga Allah, ba laifin yaro ba ne, in ya warke a ɗinka masa laya ya koma makarantarsa. Na fita bayan gida na yi rawa.

Ban san Innata tana nata lissafin ba. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Ta ce ita nata ba zai koma inda aljanun Turawa ke bin yara har gonar iyayensu ba, a je a gaya wa hakimi duk abin da za a gaya masa. Babana mutumin kirki ne, abin da Inna ta ce shi ne ra'ayinsa. Ta zazzage akwatina na ƙarfe ta jera tasoshinta a ciki ta tura ƙarƙashin gado. A ranar na gane ashe ba tamaula kaɗai nake so a makarantar nan ba. Na ji baƙin ciki ƙwarai, na ji haushin Inna da tsohuwar nan da balbelar ma. Amma ban yi magana ba, don taubashina ya fi ni son karatun nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san haka.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo hayyacinsa da busasshen maƙogwaro, bai tuna komai ba. Na ba shi labari har da kwaikwayo, na yi masa faretin, na sara wa zakaran gidan. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai ya ce, "Kai bawana, ka fara haɗa mana kaya? Hutu ya kusa ƙarewa."

Na ce nawa akwatin ya zama na tasoshi, na gaya masa dalili.

"Ba ka faɗa musu abin da na sha ba?"

"Me ka sha? Aljani ne ya hau ka, ni na yi masa tafinta. Ka rufe mana baki ka tafi abinka."

Bayan la'asar dattawa na zaune a zauren Kawu, sai ga taubashina ya fito yana dafa bango. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ba iska ba ce. Zaƙami na sha a gayya."

Kowa a zauren ya kama magana lokaci ɗaya. Dattawan da ba su taɓa ganin gorar ba duk suka zama masana. Wannan ya ce ai zaƙami ba giya ba ne, maganin aiki ne. Wancan ya ce yaro ne, ba shi aka yi bai sani ba. Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce wa ɗansa, "Kafin ka sha, ka san abin da ke ciki?"

Ina bakin ƙofa ina tari, ina ƙifta ido, ina girgiza kai har wuyana ya yi ciwo. Ko kallona bai yi ba.

"Na sani, Baba."

Malamin unguwa ya matso ya tuna wa Kawu cewa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai a wuce wurin. Kawu ya ce, "Na san da ita, Malam. Amma a zauren nan na faɗa, yana ji, ya kuma yarda." Ya juya ga ɗansa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya ce, "Na so a ce ba ka sani ba." Ya tashi ya shige gida.

Washegari Inna ta kwashe tasoshinta tana mita, wai ita dama tun farko ba ta yarda da maganar tsohuwar nan ba.

Ranar komawa taubashina ne ya tuƙa ni a kwalekwale zuwa ƙetare, inda motar Malam Madori ke tsayawa. Na yi ta zolayarsa a hanya don kada in yi kuka, shi kuma yana ramawa. Da muka isa ya ɗora mini akwati a ka, ya ce, "Littafin Turancin nan da muka tsaya a tsakiyarsa, in ka dawo ka gaya mini yadda ya ƙare."

Ban taɓa karanta littafi da kula irin wannan ba, har na kusa haddace shi. Da hutun damina ya zo, ko gida ban shiga ba na nufi bakin kogi, na same shi zaune cikin kwalekwale yana ɗinkin taru. Na tsuguna na fara ba shi daga inda muka tsaya. Ya saurara kaɗan, hannunsa bai daina aiki ba. Sai ya ce, "Bar shi haka. Miƙo mini zaren can."

Na miƙa masa.