Ƙodar Kawu Bakanike

Kawuna, yayan mahaifiyata, bakanike ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a gareji ɗaya, wata rumfar kwano mai rami a tsakiya, wadda ƙasanta ya sha baƙin mai har ya koma kamar kwalta. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita: duk abin da ya cire a mota, ko fulogi ne, sai ya goge shi da tsumma ya miƙa wa mai motar. "Ga tsohon," zai ce, "ka gani da idonka." In mutum ya ce a jefar, Kawu sai ya lallaɓa ya ajiye masa a but ɗin motar.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. In ya leƙa inji ya tarar ya gama yawo, bakinsa ba ya iya faɗa. Sai ya mayar da notuna, ya rufe bonet, ya sallami mai motar da wuri, da fara'a, hannu babu komai.

Shekara biyu da suka wuce ya fara ganin jini a fitsari. Aka yi hoto, aka ga ƙari a ƙodarsa ta hagu, aka ce ciwon daji ne. Likitar tiyata, wata siririyar mace mai tabarau, ta yi masa bayani cewa za a cire ƙodar ba tare da an tsaga cikin duka ba. Kawu ya yi ta gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini tun daga kalmar daji kunnensa ya toshe, bai ji sauran ba.

Da ya farfaɗo bayan aikin, ya shafa cikinsa yana neman dogon ɗinki. Abin da ya samu filasta uku ne, kowanne bai fi babban yatsa ba, da wani ɗan dogo kaɗan a ƙasan cibiya. A kwana na uku likitar ta shigo tana murmushi, ta ba shi katin dawowa, ta ce ya tafi gida. Ba wanda ya miƙa masa komai.

Tun daga ranar Kawu ya canza. Abinci sai ya yi loma biyu ya ture. Ya wuni a kujerar roba a bakin ƙofa yana kallon motoci ba ya ce musu komai, shi da a da in mota ta wuce sai ya faɗi abin da ke damunta. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta ɗauka zafin aikin ne. Da ranar komawa asibiti ta matso, ya ce ba inda za shi.

Ana gobe ranar, sai ga mai walda, maƙwabcinsa a gareji kuma abokin tsokanarsa, ya shigo niƙi-niƙi da akwatin ƙarfe, ya dire shi a tsakar gida.

"Injiniya, karɓi kayanka. Mutumin da ko sifana ɗaya aka ara sai ya biyo ka har gida, yau shi ne ya aiko min da akwati sukutum? Ko ƙwaƙwalwa suka cire maka ba ƙoda ba?"

"Riƙe dai," in ji Kawu. "Kai ma ka fara aiki da kayan kirki kafin ka tsufa."

Anti ta ajiye tsintsiya. "Malam, rabon gado kake yi muna zaune?"

Sai Kawu ya ɗaga riga.

"Ku duba nan. Ta ina ƙoda za ta fita? Ta wannan hujin da ko noti ba zai wuce ba? Leƙawa suka yi, suka ga abin ya wuce gyara, suka rufe. Kwana uku an sallame ni, ana ta yi min murmushi. Ni za a gaya wa wannan aikin? In sun cire, ina tsohuwar?"



Washegari Anti ta ɗauki katin ta tafi asibiti ita kaɗai. Ta bi layi tun safe, aka kira sunan mijinta ta shiga. Ta gaya wa likitar komai, har da zancen fulogi da tsumma. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Likita ta ce gobe ka zo ka ga tsohuwar." Kawu ya dube ta, ya ce a goge masa takalmi.

Da suka je asibiti, likitar ta ja masa kujera kusa da kwamfuta.

"Baba, laifina ne. Na yi aiki ban nuna wa mai kaya ba."

Ta ce ƙodar kanta ba za ta iya ba shi ba, don an yayyanka ta a ɗakin gwaji. Amma ta buɗe hoton da aka ɗauka ranar aikin: ga ƙodar a kan koren zane, rula a gefenta, ga ƙarin a jikinta kamar ƙwan kaza. Kawu ya sa tabaransa ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Tawa ce wannan?"

"Ga lambar katinka a kusurwa."

Ya ɗauko katin ya gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"To ta ina ta fito?"

Ta aika aka kawo wani dogon ƙarfe siriri mai ɗan baki a ƙarshe, ta ba shi ya riƙe. Ta ce ta huji ɗaya kyamara ke shiga, ta sauran kuma irin waɗannan, ita tana kallon allo tana aiki. In an gama rabe ƙodar sai a sa ta a 'yar jaka tun a ciki, a jawo ta ta wancan yankan na ƙasa. Kawu ya matsa hannun ƙarfen, bakin ya buɗe ya rufe. Ya sake matsawa.

"Wato ba a sauke inji ba, aka yi aikin ta ƙasa."

"Haka ne, Baba. Shi ya sa ka tashi da wuri."

Ta karanta masa takardar gwaji: ciwon bai fita daga cikin ƙodar ba. Ta ce duk da haka ba za ta yi masa alƙawarin da ba nata ba, dole ya riƙa zuwa hoto duk wata shida, ya sha ruwa sosai, kada ya ɗaga abu mai nauyi sai ta ba shi izini. Kawu ya cire tabarau ya share ido da hannun riga.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Aikinki ya fita." Ya juya wajen Anti. "Ke, akwai abin ci a jakar nan?"

Ya koma gareji bayan wata biyu. Hoto huɗu aka yi masa zuwa yanzu, duk lafiya, kuma bai taɓa makara ba. Da awa guda yake riga kowa zuwa, ya zauna a benci yana duban fuskoki. In ya ga wanda aka sa wa ranar tiyata ya yi zuru, sai ya matsa kusa, ya gaishe shi, ya fara ɗaga riga yana ƙirga masa tabo.

"Baba, sauke rigar nan, akwai mata a wurin!" in ji nas daga bakin ƙofa.

"Saura ɗaya, 'yata," in ji Kawu. "Bari ya ga na ƙasan."