Alhaji Audi da Dangin Haya

Da Alhaji Audi ya gina gidan haya a Ƙanƙara, ya rantse ba zai sa baƙuwar fuska a ciki ba. Duk wanda ya zo neman ɗaki, ba ya tambayar sana'arsa. Sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne?"

Daga nan a hau bin salsala, daga Ketare a faɗa Tafoki, har a gano kakar mutumin ta sha nono ɗaya da gwaggon Alhaji. Sai hankalinsa ya kwanta, ya miƙa makulli. To, wa ke buga wa ɗan'uwa ƙofa a kan kuɗin haya? Ɗakuna suka cika da dangi da awakinsu. Gaisuwa dai ba sa fashi.

Bara ya yi wa ɗansa aure, aka rasa ɗakin amarya. Ya tafi neman haya wajen Hajiya Barakatu, mai gidaje a bakin kasuwa. Suna gaisawa ya ce, "Hajiya, ashe mahaifinki mutumin 'Yankara ne? Ai kakata..."

Ta ɗaga hannu. "Tsaya nan, Alhaji. Fara biya tukuna, sannan mu zama 'yan'uwa."