Maƙerin da Aka Yi wa Aikin Jijiyar Ƙoda

Har gobe ba na mantawa da safiyar da Alhaji Ilyasu ya miƙe tsaye cikin ɗakin likita, ya ce ba mai kai wuta ga ƙodarsa. Lokacin ina majo, wato shugaban masu jinya, a sashen masu hawan jini na wani asibiti nan Agadas. Likitarmu 'yar Yamai ce, Zabarmanci da Faransanci take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ke fassara.

Alhaji maƙerin azurfa ne a tsohon gari. Ya daɗe yana zuwa wurinmu. Magani iri uku yake sha, har da mai sa fitsari, amma tansiyonsa, wato awon jininsa, ya ƙi sauka. Irin wannan shi muke kira hawan jini mai taurin kai. Kafin mu kira shi haka sai mun tabbata mutum na shan maganinsa, ya rage gishiri da kanwa, an kuma duba ƙodarsa. Duk Alhaji ya cika. Sai ga shi cikin watannin zafi hannunsa na dama ya yi nauyi na ɗan lokaci, guduma ta faɗi daga hannunsa yana tsakiyar aiki. Wannan gargaɗi ne na shanyewar jiki.

Ɗansa da ke kasuwanci a Aljeriya ya ji labarin wani aiki da ake yi can. Ana zura siririn bututu ta hanyar jini a matsematsi, a kai shi ga ƙoda, a sa zafi a kashe ƙananan jijiyoyin da ke ingiza jini ya hau. Ɗan ya zo gida, ya kawo Alhaji wurinmu da maganar. Likita ta yi bayani, na juya zuwa Hausa. Ina cewa "ƙona jijiya" sai Alhaji ya miƙe.

"Majo, in an ƙone jijiyar, ta ina jini zai bi?"

Gaskiyarsa. A Hausa hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙo ma jijiya ce. Na ce, "Baba Alhaji, zauna. Hanyar jinin tana nan, ba a rufe ta. Wasu zaruruwa ne a jikinta ake taɓawa."

Ya zauna, ya ce, "In an yi, na rabu da ƙwayoyin nan?"

Na tambayi likita. Ta girgiza kai, ta ce in faɗa masa ba ragi: wataƙila tansiyo ya sauka kaɗan, wataƙila ma bai sauka ba, magani kuwa zai ci gaba da sha. Na ga ɗan nasa yana yi mini ido in sassauta, don tsohon ya yarda. Ban sassauta ba. Alhaji ya ɗauki hularsa ya tafi, ɗan ya bi ni waje da fushi.

"Kun kashe masa gwiwa, Majo. In ya faɗi fa?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Sai bayan babbar Salla Alhaji ya dawo da kansa, ya ce ya yi istihara, a rubuta masa takardar tafiya.

Da ya komo daga Aljeriya bayan an yi aikin, na ɗaura masa abin awo. Jinin ya sauka, ba ƙwarai ba, amma ya fita daga inda muke tsoro. Likita ta rage masa ƙwaya ɗaya, ta bar biyu. Ciwon kan da ke tashinsa da asuba ya lafa, ya koma maƙera. Na ce, "Baba, ba ka ji haushi ba, ga ka da magani har yanzu?"

Ya ce, "Ai kun faɗa mini. Da kun ce zan warke sarai, da tun a hanya na watsar da ƙwayoyin."

Ku da kuke shigowa aikin nan, za ku haɗu da dangin da za su roƙe ku ku yi wa mara lafiya daɗin baki, kuma don ƙauna suke yi. Mutanenmu suna iya ɗaukar gaskiya, lokaci kawai suke so su juya ta a zuci. Ku faɗe ta da kalmar da suke ji, ku bar su su tafi gida. Yawancinsu suna dawowa.