Ƙoƙon Mamman da Gaurakan Shinkafata

Duk wanda yas san Mamman mai buga buhu na Goronyo ya san abu guda: in ƙoƙonai na bisa ruwa, ko hakimi yay yi sallama sai ya jira. Ɗan ƙoƙo ne mai huji ga gindi. Shi aza shi cikin daro, ruwa na shiga sannu har shi nutse. Agogon Mamman ke nan, shekara da shekaru.

Ni ajina ukku na boko, don haka bari in yi muku bayanin kimiyya. Robar da aka buga tambari bisa buhu da ita, gasa ta akai da hasken ƙwan lantarki, kamar masa. A shimfiɗa fim mai zanen tambarin bisanta, inda haske yat taɓa shi ƙanƙare, sauran a wanke da buroshi. Gashi ya kasa, zane shi bi ruwa. Ya zarce, komi shi cushe.

Wani injiniya ya taɓa zakkuwa daga Sakkwato, yag ga ƙoƙo, yay yi ta dariya. Yaf fiddo agogonai mai ƙara, anka gwada har sau ukku, ba wanda yar riga wani. Mamman yaj juya agogon ga hannu, yac ce, "Ɗana, abinga naka na da kirki. Ka riƙe shi da kyau."

Tawa ta same ni shekarar da wani attajiri yac ce zai kwashe shinkafata ta Wurno duka, amma sai cikin buhu mai tambari, kuma ranar kasuwar Goronyo motatai za ta tashi. In ta tashi ba ni, noman bana sai dai in ci abina. Tambarin nawa gauraki ne jere. Roba kuwa falle guda tar rage ma Mamman, ga hanyar Kano ba ta biyuwa lokacin.

Ina kallo yas sa almakashi yad datse gefenta.

Nic ce, "Mamman, mi kaka yi? Ita ɗai ta fa!"

Yac ce, "Ladan, ƙwai na tsufa kamar ni da kai. Hasken jiya ba shi na na yau ba. Sai na tambaye shi."

Yas sa guntun robar ƙarƙashin ƙwai, yar rufe shi da kwali, duk nutson ƙoƙo shi ja kwalin kaɗan. Da anka wanke, sai ga gauraki biyat. Na farko ba ƙafa, ya zama agwagwa. Na ƙarshe ido ya cushe.

"Wane kaka so, gurgu ko makaho?"

"Mai lafiya nika so."

"To shina tsakanin na ukku da na huɗu. Ƙoƙo ukku da rabi."

Anka aza babbar roba da hantsi. Ƙoƙo ɗaya, biyu, na ukku na cikin shan ruwa sai anka ɗauke wuta. Ni dai salati nis soma. Kafin in kai ƙarshe, Mamman ya toshe hujin da babban yatsa, ya ɗaga ƙoƙon sama, ruwan na nan daidai inda yat tsaya.

Haka yat tsaya, jama'a, tun hantsi har gab da azahar. Nic ce shi ba ni in riƙe mai, yah harare ni. Ƙuda sunka maida hancinai masauki, ni Ladan da furfurata ina yi mai fifita. Amma ko ɗigo bai zuba ba. Da wuta tad dawo, yab bari ƙwai sunka yi ɗumi, sannan yam maida ƙoƙon ga ruwa kamar mai kwantar da jinjiri.

Gaurakana sunka fito da ƙafafu siri-siri, idanu tar. Motar attajiri tat tashi da shinkafata. Kwana biyu Mamman da hagu yaka shan fura, da nit tambayi lafiyar hannun yac ce, "Gaurakanka dai ka gaida."

Har yau da robar nan aka buga man buhu. Bayan rasuwatai, maiɗakinai ta aiko man da ƙoƙon. Na aza shi ga ruwa sau ɗaya, niz zauna ina kallo har yan nutse, ban amsa sallamar kowa ba.

Allah Shi jiƙan Mamman, Shi cika kabarinai da hasken da ba a ɗaukewa. Amin.