Turaren da Inna Ta Aika Roni

Akwai ranar da ko haƙorana sun zube ba za ta fita daga raina ba. Wata Juma'a ce cikin damina, ranar da Inna ta aika wa surukina turare.

Tun ina yaro ni mayen littattafan zane ne, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna, jarumi ya diro daga bene magana tana fita daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Da na girma ma abin da na kama ke nan a Kazaure, zanen allunan shaguna da bayan motoci. Inna ba ta taɓa gane kan abin ba. Kullum sai ta ce, "Kai da 'yan aljanun nan naka, Allah ya shirye ka." Yayana da ke aiki a Amurka shi ya san ciwona, duk wanda ya samu zai taho gida sai ya haɗo shi da littafi.

A shekarar da aka sa mini rana da wata 'yar Roni, wani Bature abokin aikin Yaya ya ji labarina, ya ba shi wani kwali a liƙe, ya ce a kai wa ƙanin nan mai son zane. Yaya bai buɗe ba. Ya ga jarumi a jiki, ya ɗauka kayan zanen ne, ya cusa cikin tsaraba.

Tsarabar ta iso ina Gwiwa wajen aiki, sai da hantsin Juma'a na dawo. A gidanmu kuwa Inna ce mai rabon tsaraba, babu mai sa mata hannu. Ina shiga ta miƙo mini kwalin, ba komai a ciki. Kai, zanen ya haɗu! Wani mahayi ne da faffaɗar hula, jan wata a bayansa. Ina cikin murna idona ya sauka kan rubutun ƙasa. Na san abin. A zauren masu zane da muke da shi a waya an taɓa nuna mana: wani kamfanin barasa a can yakan haɗa kai da masu zanen irin littattafan nan, ya fitar da kwalabe 'yan kaɗan, kowace da lambarta. Burbon suke ce mata, da masara ake yin ta. Masu tara kayan tarihi rububinta suke yi, wasu ko buɗewa ba sa yi, ajiyewa kawai.

Na ce, "Inna, ina abin da ke ciki?"

"Au, turaren? Ai wannan ba na yara ba ne. Ka ga kwalbar kuwa? Nauyi, ruwan kamar zuma, an toshe bakin da jan danƙo. Na ce wannan sai Malam. Tun da safe gwaggonka ta tafi da shi, ka manta yau suke walimar sauka?"

Na ce, "Ba rubutu a jikin kwalbar?"

Ta yi dariya ta ce, "Har da ɗan aljaninka a manne. Ina ni ina aika wa malami hoto? Na jiƙa takardar na ɓare ta tas."

Innalillahi! Wato ko mai jin Turanci ne a wurin, babu abin da zai karanta. Malam kuwa, mahaifin yarinyar, limamin unguwarsu ne, kuma kowa ya san al'adarsa. In ya tara mutane ranar Juma'a, da kansa yake zagayawa da turare yana zuba wa dattawa a hannu, su shafa a riga da gemu, sannan a ɗunguma masallaci. Na hango dattawan Roni a sahun gaba da giya a rigunansu, aka ce daga gidan surukan Malam ta fito. Auren dai ya mutu, wannan ba sai an faɗa ba. Amma abin da ya fi ci mini rai Inna ce, matar da ko sunan giya ba ta iya faɗa sai ta yi tofi. Da wane ido za ta ƙara shiga mutane?

Nan take na figi babur. Na kira gwaggo, wayarta a kashe. Na kira yarinyar, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, ashe suna bakin tukwane. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, ga gero ya rufe gefe da gefe. Can wajen wani kwari na tarar da garken shanu sun cika hanya, mai su yana tafe abinsa ba gaggawa. Wallahi har hawaye na yi don takaici. Ina ta maimaita abin da zan faɗa, ba wanda ya zauna. In ce a ba ni kyautar da aka riga aka bayar? Abin kunya. In ce kuskure aka yi, na wani ne? Ƙarya a gaban malami. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, in na hango shi a hanya ma kaucewa nake yi.

Na isa na tarar da zaure cike da manyan riguna. Malam yana kan buzu, kwalbar tana cinyarsa, yana kankare danƙon da 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa: ya gida, ya damina, ya Hajiya, ya gajiya. Ni kuwa idona na kan wuƙar. Wani dattijo ya ce, "Ango ya kasa haƙuri, ya biyo turarensa!" Aka fashe da dariya. Malam ya murɗa murfin, na ji ya ce ƙyas.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Allah gafarta Malam, ina da magana. Ta gaggawa ce."

Ya dube ni, ya dubi taɓon da ke wandona, ya miƙe da kwalbar a hannu ya ce, "Biyo ni." Muka zagaya bayan rumbu. Na sake durƙusawa, murya na rawa na ce, "Malam, ba turare ba ne. Giya ce." Na kwashe duk yadda aka yi na faɗa masa, kaina a ƙasa, ina jiran ya ce in tashi in bar masa gida.

Ya dubi kwalbar. Sannan ya ce, "Ita Hajiya ta sani?"

"Wallahi ba ta sani ba."

"Ka gaya mata kafin ka taho?"

"A'a, Malam."

"Madalla."

Ya shiga bayan gida ya tuttular da ita, ya fito ya ɗauki buta ya wanke hannu. Ya ce, "Turare ta aiko mini, ni ma turare na karɓa. Maganar nan a nan ta mutu. Ko matarka ba na so ta ji." Matarka fa ya ce!

Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko nasa turaren, muka koma zaure. Yana zagayawa yana cewa, "Ku sa wa Hajiyar Kazaure albarka, ita ta tuna da mu yau." Dattawa suka yi ta amin. Gwaggo ta kai wa Inna labari da yamma, ranar bakin Inna bai rufu ba don murna.

Inna ta yi shekaru bayan nan tana ba jikokinta labarin turaren Amurka da manyan Roni suka sa mata albarka a kansa. Har ta koma ga Allah ba ta san komai ba. Malam ma ya bi ta, shi ya sa yau na iya buɗe baki.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, gaskiya in ta zama dole a faɗe ta ko murya na rawa. Amma wanda aka faɗa wa shi ke da babban aiki. Kowa yana iya ganin kuskuren mutum ya yi shela. Dattijo shi ne wanda ya gani ya rufe, har mai kuskuren ya bar duniya bai san an rufa masa asiri ba.